Karatun hoto: rantsuwar ɗakin ƙwallo ta shekara ta 1789

Wanda ya taɓa buɗe littafin tarihi na lakkwal, wurin da ake maganar juyin juya halin ƙasar Faransa, da wuya a ce bai gamu da wannan hoto ba: wani babban ɗaki mai dogon bango, cike da maza ɗaruruwa, hannuwansu a miƙe, mutum guda kuma tsaye bisa tebur a tsakiyarsu. Da faransanci ana kiransa "Le Serment du Jeu de paume", watau rantsuwar ɗakin wasan ƙwallo. Jacques-Louis David ne ya zana shi da alƙalami cikin shekara ta 1791. Daga baya wani gwani mai suna Jean-Pierre-Marie Jazet ya sassaƙa shi bisa farantin jan ƙarfe, aka buga shi bisa takarda, ya bazu cikin gidajen mutane.

Hausawa na cewa gani ya kori ji, saboda haka mutane da yawa suna ɗaukar wannan hoto kamar shaidar wanda aka yi abin gaban idonsa. Amma David ba ya cikin wakilan da suka yi rantsuwar, kuma sai da aka yi kusan shekara 2 sa'annan ya gama zanen. Ya saka mutumin da ba ya wurin ran nan, ya juya fuskar wani, ya jawo waɗansu gaba, ya tura waɗansu gefe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gyare-gyare da dalilinsa. Hoto irin wannan karanta shi ake yi kamar wasiƙa, kuma wanda ya iya karatunsa zai ji abin da mai zanen yake son faɗi game da al'umma, da sarauta, da addini, da haƙƙin mutum ya ce bai yarda ba.

Abin da ya faru ran 20 ga watan Yuni

Cikin shekara ta 1789 baitulmalin Faransa ya ƙare, bashi ya yi wa gwamnati katutu, ga tsadar abinci. Sarki Luwi na 16 ya kira babban taron wakilan ƙasa, wanda rabon da a yi shi tun shekara ta 1614. An buɗe taron a garin Bersai, inda fadar sarki take, ran 5 ga watan Mayu. Wakilan sun kai wajen 1.200, kuma an kasa su rukuni 3 bisa tsohuwar al'ada: malaman addinin Kirista, masu sarauta, sa'annan rukuni na 3 wanda ya haɗa duk sauran jama'a, tun daga attajiri har manomi. Rukuni na 3 shi ne kusan kashi 97 bisa 100 na mutanen ƙasar. Har tufafi an bambanta ran buɗe taro: masu sarauta da riguna masu adon zinariya da huluna masu gashin tsuntsu, wakilan rukuni na 3 kuwa an umurce su da baƙaƙen tufafi marasa ado.

Gardama ta tashi bisa yadda za a jefa ƙuri'a. In kowane rukuni ƙuri'a guda gare shi, malamai da masu sarauta za su riƙa rinjayar talakkawa 2 da 1. In kuwa kowane wakili ƙuri'arsa, rukuni na 3 mai wakilai wajen 600 zai yi ƙarfi. An yi mako 6 ana ja-in-ja. Ran 17 ga Yuni wakilan rukuni na 3 suka ce su ne Majalisar Ƙasa. Ran 20 ga wata da safe suka tarar an rufe ɗakin taronsu, soja na tsaron ƙofa, wai ana gyara shi domin zaman da sarki zai halarta. Ana ruwa. Sai suka nufi wani ɗaki da ke kusa, inda ƴan fada ke wasan buga ƙwallo da bango, ɗakin da aka gina tun shekara ta 1686, babu kujerun kirki cikinsa, babu ado. Nan Mounier ya kawo shawarar a yi rantsuwa, shugaban majalisar Bailly ya karanta ta: ba za su watse ba, kuma za su taru duk inda hali ya kai su, har sai an kafa wa ƙasa tsarin mulki bisa tushe mai ƙarfi. Wakilai sama da 570 suka sa hannu. Mako guda bayan haka, ran 27 ga Yuni, sarki ya sauko, ya umurci sauran rukunan 2 su shiga majalisar.

Yadda hoton ya samu

Cikin watan Oktoba na 1790 ƙungiyar siyasa ta Jakoban ta nemi David ya yi babban zane na fenti domin tunawa da wannan rana. Faɗinsa zai kai wajen metir 10, mutanen gaba kuma su fito da girman mutum na gaske. Domin a sami kuɗi aka shirya karo-karo: mutum 3.000, kowa ya ba da libar 24, kuɗin wancan zamani, a ba shi hoton bugu guda bisa takarda. Libar 24 ta kusa albashin lebura na wata guda, watau tun daga farko masu ɗan hali ake nufi da shi.

A zamanin da babu na'urar ɗaukar hoto, zanen fenti ɗaya ne tak, kuma sai wanda ya je inda aka rataye shi zai gan shi. Hoton bugu shi ne ke tafiya. Ana sassaƙa zanen bisa farantin jan ƙarfe, a juye kamar hatimi, a shafa tawada, a goge, a ɗora takarda mai ɗanshi, a matse da injin. Hanyar da Jazet ya ƙware a kai ana ce mata akwatint: ana barbaɗa garin ƙaro bisa farantin, a ɗumama shi ya manne, a tsoma cikin ruwan asid mai cin ƙarfe. Wurin da asid ya daɗe yana ci ya fi riƙe tawada, sai ya fito baƙi. Wurin da aka rufe da mai ya fito fari. Ta haka ake samun inuwa da haske kamar na zanen asali, kuma faranti guda yana ba da ɗaruruwan kofi.

Salon David kuwa shi ne wanda masana ke kira sabon salon mutanen da, watau komawa ga fasahar Girka da Rum. Tun da aka fara tono tsofaffin garuruwan Herkulanum cikin 1738 da Pompeyi cikin 1748 a ƙasar Italiya, masu zane na Turai suka juya ga gumakan dutse na da, suka bar yawan ado da kwalliya. David ya zauna Rum daga 1775 zuwa 1780. A wannan salo ana son layi miƙaƙƙe, da jiki mai ƙarfi, da wuri marar tarkace, kuma ana son hoto ya koyar da halin kirki. Cikin 1785 David ya nuna wa jama'ar Pari wani zane da ya ɗaukaka sunansa, rantsuwar ƴan'uwa 3 na gidan Horas: samari 3 na tsohuwar Rum sun miƙa hannuwa wajen ubansu mai riƙe da takubba, suna alkawarin mutuwa domin garinsu, mata kuma na gefe suna kuka. Wannan miƙa hannu shi ne ya ɗauko ya ba wakilan 1789. Abin da yake nufi a fili yake: lauyoyi da ƴan kasuwa masu baƙaƙen riguna sun kai matsayin jarumawan da, kuma abin da aka yi jiya a Bersai ya isa a zana shi da girman da ake zana tarihin Rum. Har ma bisa babban zanen sai da ya fara zana jikunan wakilan tsirara, kamar gumakan Girka, da niyyar ya sa musu tufafi daga baya, yadda aka saba koyarwa a wannan salo.

Mutumin da ke bisa tebur

Idon mai kallo yana fara sauka bisa Bailly, domin layukan bango da na rufi duk wajen kansa suke taruwa. Jean-Sylvain Bailly masanin taurari ne, ba basarake ba, ba soja ba. Yana tsaye bisa tebur, takarda a hannu ɗaya, ɗaya hannun a ɗage. A tsofaffin hotunan Faransa wannan wuri na tsakiya na sarki ne. Nan kuwa babu sarki, babu gadon sarauta, babu kambi. Wanda ya fi kowa tsawo cikin ɗakin mutum ne da ƴan'uwansa suka zaɓa, abin da ya ɗaga shi tebur ne na katako, abin da ke hannunsa kuma rubutu ne. Saƙon farko ke nan: iko ya tashi daga jikin mutum guda ya koma ga doka rubutacciya.

Akwai kuma wani abu da mai karatu zai lura da shi. Wanda ke karanta wa taro rantsuwa taron yake fuskanta. David kuwa ya juyo da Bailly ya fuskanci mai kallo, ya bar yawancin wakilai a bayansa da gefensa. An yi niyyar rataye babban zanen cikin ɗakin majalisa, saboda haka duk wakilin da ya ɗaga kai zai ga Bailly yana kallonsa, kamar shi ma ana neman ya rantse. Haka nan wanda ya sayi hoton bugu ya rataye a ɗakinsa: an bar masa wuri a gaban tebur.

Daga dama da hagu hannuwa ɗaruruwa sun miƙo wajen Bailly, huluna na sama. Amma David bai yi su kamar soja a layi ba. Kowa da yadda abin ya kama shi. Mirabeau, basaraken da talakkawan garin Eks suka zaɓa, ya tako gaba, ya ɗaga kai da hannu kamar mai huɗuba, Barnave na kusa da shi. Robespierre ya dafe ƙirji da hannu biyu. Michel Gérard, manomi daga yankin Biretanyi wanda ya zo majalisa da tufafin ƙauye, ya haɗa tafin hannuwansa kamar mai addu'a. Sieyès, wanda ɗan littafinsa bisa rukuni na 3 ya girgiza ƙasar a farkon shekarar, yana zaune shiru kusa da tebur yana tunani. Barère na zaune yana rubuta labarin domin jaridarsa. Daga hagu kuma an ɗauko wani wakili tsoho marar lafiya bisa kujera domin shi ma ya rantse. Da tsoho da yaro, da mai zafin rai da mai sanyi, da ɗan birni da ɗan ƙauye, an nuna su daban-daban amma maɗaurinsu ɗaya kamar tsintsiya.

Matsayin da aka ba kowa kuwa na shekara ta 1791 ne. Cikin Yuni na 1789 Robespierre ƙaramin lauya ne daga garin Aras, ɗan shekara 31, wanda kaɗan suka san sunansa. Lokacin da David ke zane ya zama babba cikin ƙungiyar Jakoban, ƙungiyar da ta ba da aikin, shi ya sa aka jawo shi sahun gaba.

Malaman addini uku

Daidai gaban tebur, inda ido ba zai kuskure ba, mutum 3 sun rungumi juna. Na hagu mai farar riga shi ne Dom Gerle, ɗan zuhudu na ɗariƙar Katolika. Na tsakiya Grégoire ne, limamin wata ƙaramar majami'a ta karkara, yana cikin malaman farko da suka bar rukuninsu suka bi talakkawa. Na dama Rabaut Saint-Étienne ne, pasto na ɗariƙar Purotestan daga garin Nim.

Sai wanda ya san tarihin Faransa zai gane nauyin wannan runguma. Katolika da Purotestan sun yi yaƙe-yaƙe masu muni cikin ƙarni na 16, har da kisan gilla na shekara ta 1572 a Pari. Cikin 1685 sarki Luwi na 14 ya haramta addinin Purotestan, dubbai suka yi hijira, waɗanda suka rage suna ibada a ɓoye cikin daji. Sai cikin 1787 aka yarda a rubuta aurensu da haihuwarsu cikin littafin hukuma, kuma Rabaut na cikin waɗanda suka yi fafutukar samun wannan doka. Saboda haka pasto da limamin Katolika hannu cikin hannu a gaban tsarin mulki yana nufin ƙasa ta kowa ce, ko wace ɗariƙa mutum yake bi.

Sai dai Dom Gerle ba ya ɗakin ran 20 ga Yuni. Wakilin jiran gado ne a lokacin, kuma sai ƙarshen shekarar ya shiga majalisa. David ya san da haka. Yana bukatar farar rigar ɗan zuhudu domin rukunin ya cika: malamin da ya keɓe kansa, malamin da ke cikin jama'a, da malamin ɗaya ɗariƙar. Nan ne ya fi fitowa fili cewa abin da ake fata ya zana. Kuma a daidai lokacin da yake zanen, fatan ya fara rushewa, domin dokar da majalisa ta yi cikin 1790 bisa tsarin majami'a, da rantsuwar da aka tilasta wa malamai, sun raba limaman Faransa gida biyu.

Iska da aradu

Kusan rabin hoton na sama bango ne tsirara. Wannan fili yana sa taron ya yi kama da abin da ke tasowa daga ƙasa, kuma yana tuna wa mai kallo talaucin ɗakin, idan aka gwada shi da ɗakunan fada masu madubai da zinariya da ke ƴan taku kaɗan daga wurin. Can sama akwai manyan tagogi. Ta na hagu iska mai ƙarfi ta shigo, ta ɗaga labule kamar tuta, har ta juyar da laimar wani ɗan kallo. An yi ruwa ran nan da gaske, amma wannan iska ta David ce: sabon zamani ne ke shigowa cikin rufaffen ɗaki.

Ta cikin tagar kuma, daga nesa, ana hangen aradu tana faɗawa bisa majami'ar fadar sarki. Sarakunan Faransa suna cewa daga Allah sarautarsu take, ana shafa musu mai a babbar majami'ar garin Rens, kamar yadda aka yi wa Luwi na 16 cikin 1775. Majami'ar fada ita ce alamar wannan haɗi na sarauta da addini. Ɗan wannan zane da bai fi yatsa ba yana cewa sama da kanta ta juya wa tsohon tsari baya. Mai kallo mai gaggawa ba zai gan shi ba, amma masu goyon bayan sarki na wancan zamani sun gan shi, kuma bai yi musu daɗi ba.

A bakin tagogin jama'ar gari sun yi cincirindo, maza da mata da yara da soja, suna leƙe, suna ɗaga hannu. Daga dama an saka Marat yana rubutu, ko da yake jaridar da ta sa aka san shi sai cikin watan Satumba na 1789 ta fara fita. Jama'a suna nan a matsayin shaidu, kuma goyon bayansu ne ya ba wakilan ƙarfin hali. Amma wurinsu na gefe ne, can sama, ba su taka daɓen ɗakin ba. Hoton ya faɗi gaskiyar wancan tsari: jama'a na kallo, wakilai na yanke shawara.

Mutumin da ya ƙi

A kusurwar dama ta ƙasa mutum guda na zaune bisa kujera, kansa a sunkuye, hannuwansa a harɗe bisa ƙirji. Shi ne Joseph Martin-Dauch, wakilin garin Kastelnodari. Shi kaɗai ya ƙi rantsuwar, domin a ganinsa bai kamata ya ɗauki alkawarin zartar da abin da sarki bai amince da shi ba. Da aka miƙa masa takarda ya rubuta sunansa, ya ƙara kalmar da ke nuna bai yarda ba. Ɗakin ya ɗauki hayaniya, waɗansu suka nemi a soke sunan, amma aka bar shi bisa takardar domin ya zama shaida cewa kowa da ra'ayinsa ya sa hannu.

David yana iya barin wannan mutum waje, babu mai tuhumarsa, tun da ya saka waɗanda ba su nan. Ya bar shi a sahun gaba, inda kowa zai gan shi. Dalilin kuwa babba ne. Rantsuwar da aka yi bisa tilas ba ta ɗaure kowa. In mutum guda ya iya ƙi a gaban ɗaruruwa ya fita da ransa, to sauran da suka miƙa hannu da yardarsu suka miƙa. Hannuwan Martin-Dauch da ke harɗe su ne ke ba sauran hannuwan daraja. Cikin dukan alamomin hoton wannan ce ta fi wuyar riƙewa, kuma ita ce aka fara yarwa, domin shekara 4 bayan haka, a wannan ƙasa, wanda ya saɓa wa masu rinjaye kansa ake sarewa.

Waɗanda ba su cikin ɗakin

Karatun hoto bai cika ba sai an tambayi wane ne babu. Bisa daɓen ɗakin babu mace ko guda, domin babu mace cikin wakilai; matan Faransa sai cikin 1944 suka sami ikon jefa ƙuri'a. Manomi guda ne fitacce, alhali manoma su ne mafi yawan ƴan ƙasa. Yawancin wakilan rukuni na 3 lauyoyi ne, da ma'aikatan shari'a, da masu dukiya.

Akwai kuma waɗanda suka fi kowa nisa da tebur. A ran nan an karɓi waɗansu Turawa masu gonakin rake na tsibirin Sen-Domeng, wanda ake kira Hayiti yanzu, suka yi rantsuwa tare da sauran. A wannan tsibiri akwai bayi baƙar fata kusan rabin miliyon, waɗanda aka kwaso daga Afirka ko aka haifa cikin bauta, kuma guminsu na cikin abin da ya arzuta biranen Faransa na bakin teku. Masu su na cikin ɗakin, su kuwa ko a taga ba su fito ba. Cikin watan Agusta na 1791 suka yi tawaye, ƴan makonni kafin a rataye zanen David a babban baje-kolin zane na Pari. Faransa ta soke bauta ran 4 ga Fabrairu 1794, Napoleyon ya maido da ita cikin 1802, Hayiti ta ƙwaci ƴancinta cikin 1804, kuma sai 1848 aka soke bauta gaba ɗaya a ƙasashen da Faransa ke mulki. Cikin mutanen hoton, Grégoire na daga waɗanda suka tsaya bisa wannan magana har ƙarshen ransu. Cikin 1808 ya wallafa littafi domin nuna ilimi da fasahar baƙar fata.

Abin da ya hana a gama zanen

Kuɗin karo-karo bai taru ba, ko kusa. Cikin Satumba na 1791 majalisa ta ce baitulmali zai biya. David ya shimfiɗa babban ƙyallen zane cikin wata tsohuwar majami'a kusa da majalisa, ya zana jikuna, ya gama fentin kawuna 4 kawai: Mirabeau, Barnave, Dubois-Crancé da manomi Gérard. Daga nan aiki ya tsaya, domin mutanen da ya haɗa cikin hoto sun riga sun zama abokan gaban juna.

Ran 20 ga Yuni 1791, shekara 2 cif bayan rantsuwar, sarki ya gudu daga Pari da dare, aka kamo shi. Ran 17 ga Yuli dakarun birni suka buɗe wuta bisa taron masu neman a tuɓe shi, kuma Bailly, wanda ya zama magajin garin Pari, shi ne ya kafa dokar ta-ɓaci ran nan. Mirabeau ya rasu cikin Afrilu na 1791 aka binne shi da girma, daga baya aka gano wasiƙun da ke nuna yana hulɗa da fada a ɓoye, aka fitar da gawarsa daga makwancin manyan ƙasa. An sare kan sarki ran 21 ga Janairu 1793, kuma David, wanda ya zama ɗan majalisa a lokacin, na cikin waɗanda suka jefa ƙuri'ar kisa. An kashe Marat cikin Yuli na wannan shekara. An sare kan Bailly ran 12 ga Nuwamba, Barnave ran 29 ga Nuwamba, Rabaut ran 5 ga Disamba, Robespierre kuma ran 28 ga Yuli 1794. Martin-Dauch, wanda ya ƙi, ya rayu har 1801. Ba shi yiwuwa a rataye a majalisa hoton da rabin jarumawansa aka yanke musu hukuncin cin amanar ƙasa.

Takarda ta ɗauki abin da fenti ya kasa

Bayan faɗuwar Napoleyon ƙannen Luwi na 16 suka koma gadon sarauta. Cikin 1816 aka kori waɗanda suka jefa ƙuri'ar kashe sarki, David ya yi hijira zuwa Biruksel, can ya rasu ran 29 ga Disamba 1825, aka hana a kawo gawarsa Faransa. Cikin waɗannan shekaru na 1820 ne Jazet ya sassaƙa zanen 1791 ya buga shi. Hoton da aka shirya domin bangon majalisa sai ya shiga ɗakunan mutane a zamanin da sarki ke bisa gado, kuma wanda ya rataye shi a gidansa ya nuna wa baƙonsa ɓangaren da yake ba tare da ya buɗe baki ba. Lokacin nan husumar waɗanda ke ciki ta zama tarihi, abin da ya rage ga ido shi ne takarda a hannun Bailly da hannuwan da suka miƙo wajenta.

Cikin 1883 gwamnatin jamhuriya ta mai da ɗakin ƙwallon gidan tarihi, aka sa Luc-Olivier Merson ya yi babban zane bisa bangonsa yana bin tsarin David. Guntun ƙyallen da ba a gama ba, da kawunansa 4 da jikunansa marasa tufafi, yana fadar Bersai. Grégoire, wanda ya rasu cikin 1831, an kai ƙasusuwansa makwancin manyan ƙasa cikin 1989, shekara 200 bayan rantsuwar.

Mai karatu da ya sake gamuwa da wannan hoto, ko wani irinsa bisa takardar kuɗi, ko kan sarki na wasiƙa, ko bangon ofis, yana da tambayoyin da zai yi masa: wa aka sa a tsakiya, wa aka tura gefe, wa aka ƙaro, wa aka bari waje, wa ya biya kuɗin aikin, kuma a wace shekara. A hoton David, bayan ya gama duban Bailly da malaman nan 3, ya kai idonsa kusurwar dama ta ƙasa, wurin mutumin da ya harɗe hannuwa aka bar sunansa bisa takarda.